Burodi ne ya ka da Khrushchev, ko kujerun manya da ya taɓa?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san a cikinmu akwai iyayenmu da suka yi zaman Tarayyar Sobiyet. A watan Oktoba na 1964 Nikita Khrushchev yana hutu a Pitsunda, bakin Bahar Aswad, sai Brezhnev, wanda daga baya ya gaje shi a shugabancin jam'iyya, ya bugo masa waya daga Mosko wai ya dawo, za a zauna kan batun noma. Ya iso Mosko ranar 13 ga wata, ranar 14 an raba shi da kujerunsa duka biyu, ta sakataren farko na jam'iyyar Kwaminis mai mulki da ta firaminista. Aka faɗa wa duniya tsufa ne da rashin lafiya. To wannan fa shi ne mutumin da aka harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a zamaninsa a 1957, Gagarin ya zagaya duniya a 1961. Ni a nawa karatun, rikicin Kiyuba ne ya ci shi. Ya kai makamai masu linzami ƙofar gidan Amurka a 1962, Kennedy ya tsaya kai da fata, shi kuma ya kwashe kayansa duniya na kallo. Ban ga manyan ƙasar da za su yafe wa shugabansu irin wannan kunya ba. Ko akwai abin da ban hango ba?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam ɗana. Na tafi karatu can a 1978, na dawo a 1984, saboda haka ban riski mulkinsa ba, amma na zauna da waɗanda suka ci burodin zamaninsa. A ƙofar masaukinmu na ɗalibai akwai wata dattijuwa mai lura da shiga da fita, kullum da saƙar ulu a hannunta. Da bakina ya fara kama Rashanci, nakan zauna wajenta da daddare mu sha shayi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini zancen Kiyuba ba. Abin da ba ta gajiya da faɗa shi ne shekarar 1963, lokacin da farin burodi ya ɓace daga kantuna, wanda ake samu kuma an cakuɗa shi da garin masara da na wake, in ka yanka sai ya manne wa wuƙa. Ta ce tun da duhun asuba take fita layi da 'yar jakarta ta raga, irin wadda kowace mace a can ke dunƙulewa a aljihu ko za a dace da wani abu a kanti. Matan da suka sha yunwar yaƙi, suka ɗauka sun yi ban kwana da layin burodi, sai ga shi ya dawo shekara 18 bayan gama yaƙin. Da an ambaci sunansa sai ta ce "mai masara", ta girgiza kai.

A wannan shekarar ce gwamnati ta buɗe taskar zinariya ta sayo alkama daga Kanada, cinikin da ya kai kimanin dala miliyan 500, ta ƙaro daga Ostireliya, har ta miƙa hannu ga Amurka. Ka tuna a 1957 shi da bakinsa ya ce cikin 'yan shekaru za su kamo Amurka a nama da madara da man shanu. A ganina wannan ta fi Kiyuba ciwo.

Malamin Gona:
Baba ya taɓo inda nake jira. Ku ba ni haƙuri, zan ɗan tsawaita, domin nan ne fagena.

A 1954 Khrushchev ya ɗauko shirin sassabe mafi girma da aka taɓa gani. Ya aika dubban ɗaruruwan matasa da taraktoci arewacin Kazakistan da yammacin Saberiya, filayen ciyawa da garma ba ta taɓa shiga ba. Cikin shekara uku sun kafce sama da hekta miliyan 30. Girbin 1956 ya zo da albarka, kusan tan miliyan 125 na hatsi a faɗin ƙasa, sai kowa ya ce ai mutumin nan ya gano bakin zaren. Amma duk manomin da ya taɓa yin sabuwar gona ya san shekarun farko ƙasa ke ciyar da kai da ajiyarta. Wurin nan ruwansa kaɗan ne, iskarsa kuma ba ta da shinge. Irin wannan ƙasa sai an bar mata saura ta huta, sai an bar tushiyar alkama a tsaye ta riƙe ƙasar sama. Akwai masanin ƙasa a can, Barayev, da ya yi ta faɗin haka. Khrushchev ya fi karkata ga su Lysenko, masanin noman da gwamnati ke ji da shi, yana ganin barin gona ta huta asara ce. Aka yi ta zuba alkama a kan alkama, shekara bayan shekara. Da farin 1963 ya zo, iska ta tashi da ƙasar saman miliyoyin hekta, girbi ya faɗo zuwa wajen tan miliyan 107. Mu da muke ganin yadda gona ke komawa faƙo a arewacin Katsina da Yobe mun san wannan ciwon.

Sai masara. Ya ga yadda Amurkawa ke ƙiba shanunsu da ita, har a 1959 ya je gonar wani manomi, Roswell Garst, a jihar Iowa. Tunanin kansa ba laifi: in kana son nama, sai ka nemo abincin dabba. Inda aka ɓata shi ne da abin ya zama umarni. Filin masara ya tashi daga wajen hekta miliyan 4 a 1954 zuwa miliyan 37 a 1962, har a yankunan da sanyi ke dawowa tun kafin ta yi goyo. Shugaban gonar haɗaka ya san ba za ta yi ba, amma ya san in ya ce a'a kujerarsa ce za ta tafi, sai ya shuka ya rubuta rahoto.

Abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne na Ryazan. Shugaban jam'iyya na lardin, Larionov, ya ɗauki alkawarin ninka naman da lardinsa ke bai wa gwamnati sau uku a shekara ɗaya, 1959. Don ya cika, aka yanka shanun tatsa, aka yanka na haihuwa, aka karɓe na mutane, aka kwashi kuɗin wasu ayyuka aka sayo shanu daga maƙwabtan larduna. A takarda ya cika alkawari, aka rataya masa lambar yabo mafi girma ta ma'aikata. Shekara na zagayowa babu abin yanka, asiri ya tonu, mutumin ya kashe kansa a 1960.

Na yi shekara 27 ina aikin malamin gona. Akwai shekarar da wani babba a ofishinmu ya dawo mini da rahoton damina har sau biyu, ya ce adadin buhunan da na rubuta ba zai yi wa na sama daɗi ba. Na san gonakin, na taka su da ƙafata, tsutsa ta ci rabin dawar. A karo na uku na ƙi canzawa, sai ya sa wani ya sake bugawa. Shi ya sa labarin Ryazan ba ya yi mini kama da labarin nesa.

Malama Uwar Biyu:
Malam, Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma ni akwai inda nake ganin ba a yi wa mutumin nan adalci. Baba ya kawo sayen alkama daga waje kamar abin kunya. A 1932 da 1933, lokacin da miliyoyin mutane ke mutuwa da yunwa a Yukren da Kazakistan, Stalin bai daina fitar da hatsi waje ba. A yunwar 1946 da 1947 ma haka. Khrushchev da fari ya zo masa, sai ya zaɓi ya zubar da girma a idon duniya ya sayo abinci. Ni uwa ce, na san wanda zan zaɓa tsakanin mai tsare mutuncin gwamnati da mai kawo gari gida.

Baba Injiniya:
Gaskiyarki 'yata, ban musa ba. Ita ma dattijuwar ba ta ce an mutu da yunwa a 1963 ba. Haushinta alkawarin ne. A babban taron jam'iyya na 1961 an rubuta a tsarin jam'iyya cewa kafin 1980 za a kai ga cikakken gurguzu, kowa ya samu gwargwadon buƙatarsa. Shekara biyu bayan haka tana layin burodi cikin sanyi.

Tsohon Kansila:
Na bi bayananku tun daga sama, kuma kowa ya faɗi gaskiya, amma ku bar ni in yi tambaya irin ta ɗan siyasa. Wa ya jefa ƙuri'ar cire shi? Matar da ke layin burodi ba ta da ƙuri'a. Manomin Kazakistan ba shi da ita. 'Yan kwamitin ƙoli ne da 'yan kwamitin tsakiya, mutanen da ke da kantunansu na musamman, waɗanda farin burodi bai taɓa yankewa a teburinsu ba. To me ya yi musu?

Ku koma 1957. A watan Yuni, Malenkov da Molotov da Kaganovich, tsofaffin na hannun daman Stalin, suka haɗa kai, suka samu 7 cikin 11 na kwamitin ƙoli, suka ce ya sauka. Ya ce kwamitin tsakiya ne ya naɗa shi, shi kaɗai zai cire shi. Marshal Zhukov, ministan tsaro, ya ba da jiragen soja aka kwaso sakatarorin larduna daga ko'ina, suka zo suka tsaya masa. Me ya sa? Domin a shekarar ya rushe yawancin ma'aikatun masana'antu na Mosko, ya raba ikon ga majalisun tattalin arziki na yankuna guda 105. Wato ya ɗebo tuwo daga Mosko ya zuba wa 'yan larduna, su kuma suka rama masa biki.

Yanzu ku duba yadda ya yi da waɗanda suka cece shi. Zhukov bai yi wata huɗu ba ya sallame shi, a watan Oktoba na 1957. A 1960 ya sanar da rage sojoji miliyan 1.2, hafsoshi da yawa suka koma neman aikin yi. A 1961 ya sa doka cewa a kowane zaɓen jam'iyya sai an sauya wani kaso na shugabanni, kuma ba a zama a kujera ba iyaka. A watan Nuwamba na 1962 ya yi babbar: ya tsaga jam'iyya biyu a larduna, reshen noma daban, na masana'antu daban. Sakataren da jiya shi ne sarkin lardi guda, yau ya wayi gari da kishiya. Ga zagi a gaban jama'a, ga canja wa mutum wurin aiki ba shawara. Ni na yi siyasa a ƙaramin mataki, amma na san abu ɗaya: jama'arka za su jure maka kuskure, ba za su jure kullum su kwana ba su san ko da safe suna da ofis ba. Da 1964 ta zo, mutanen da jiragen Zhukov suka kwaso su ne suka ɗaga hannu a kansa. Brezhnev yaronsa ne, shi ya jawo shi tun daga Yukren, shi ya tura shi Kazakistan lokacin sassaben. Podgorny yaronsa ne. Shelepin da Semichastny na hukumar leƙen asiri ta KGB shi ya ɗaga su. Mikoyan kaɗai ya ɗan sa baki a sassauta masa.

Burodi da Kiyuba sun ba su abin karantawa a takardar tuhuma. Dalilin da ya tashe su tsaye yana ƙarƙashin mazaunansu.

Ɗalibin Tarihi:
Kawu, na ji wannan, amma ina hujjar cewa kujera ce ba ƙasa ba? Mai yiwuwa da gaske sun ga yana kai ƙasar rami.

Tsohon Kansila:
Ɗana, dubi abin da suka fara gyarawa. Wata ɗaya da cire shi, a Nuwamban 1964, suka haɗe jam'iyyar da ya tsaga. A 1965 suka rushe majalisun yankuna suka dawo da ma'aikatun Mosko. A 1966 suka goge dokar sauya shugabanni. Sayen hatsi daga waje kuwa bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi, a 1972 sun yi saye daga Amurka da ya girgiza farashi a duniya. In ka ga mutum ya shiga gida da sunan kashe gobara, ya wuce wutar ya nufi akwati, ai ka san abin da ya kawo shi.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Ina tare da Kawu a mafi yawa, amma kada mu raina harkar waje, kuma ba Kiyuba kaɗai ba. A Kiyuba ma ai bai fito hannu rabbana ba: Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye tsibirin ba, kuma a asirce ya yarda zai janye makamansa na Jupiter daga Turkiyya. Matsalar ita ce sharaɗin a yi shiru, don haka duniya ta ga abin da ya bayar, ba ta ga abin da ya karɓa ba. Castro ma ya fusata don ba a shawarce shi ba.

Babbar asarar ita ce Sin. Mao bai ji daɗin jawabin 1956 da ya tone asirin Stalin ba, bai kuma yarda da zancen zaman lafiya da 'yan jari-hujja ba. A 1959 Mosko ta janye alkawarin bai wa Sin samfurin bam na nukiliya. A watan Yuli na 1960 Khrushchev ya kira ƙwararrunsa kusan 1,400 su dawo gida, suka bar masana'antu rabi da rabi, a daidai lokacin da Sin ke cikin mummunar yunwa. Kwana biyu da cire shi, ranar 16 ga Oktoba 1964, Sin ta gwada bam ɗinta na farko.

Wannan rabuwar ta iso har wajenmu. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar a 1959, matasanta da dama sun samu guraben karatu a Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai, amma horon bindiga a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa aka samu. A ƙarshen daminar 1964 ɗin nan ne mayaƙan Djibo Bakary suka yi yunƙurin shigowa Nijar, abin ya ƙare da jini. Dattawanmu har yau ba kowa ke son a ta da zancen ba.

Baba Injiniya:
Haka ne. Kuma a cikin laifukan da aka jera masa har da yawan kyauta ga ƙasashen waje. A watan Mayu na 1964 ya je Masar bikin karkatar da Kogin Nilu a madatsar Aswan, wadda kuɗi da injiniyoyin Sobiyet suka taimaka aka gina, ya ba Nasser da Marshal Amer lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet. Lambar nan da jini ake samunta a yaƙi da Jamus. Tsofaffin sojoji sun ji zafin abin ƙwarai, har zamanin da nake can ana faɗa. Sai dai ni bakina ba zai iya zagin wannan ɓangare ba. Shi ya buɗe jami'ar da aka sa wa sunan Patrice Lumumba a Mosko, shi ya kai batun 'yancin ƙasashen da ake wa mulkin mallaka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka samu 'yanci. Ƙofar da ya buɗe ce irinmu 'ya'yan talakawa muka bi muka yi karatu kyauta.

Alaramma Ƙarami:
Baba, da girmamawa, amma na ga zaren yana neman komawa yabo, kuma akwai abin da ba zan iya yin shiru a kai ba. Mutumin nan ya tone laifin Stalin a 1956, amma shi wane ne a lokacin kashe-kashen 1937 da 1938? Shi ne shugaban jam'iyya a Mosko, daga baya a Yukren, hannunsa dumu-dumu a ciki. Watanni bayan jawabin nasa ya tura tankoki Hangari, dubbai suka mutu. Daga 1958 zuwa 1964 ya ɗaga yaƙi da addini, aka rufe dubban coci-coci da masallatai masu yawa. Ya bar Checheniyawa da Ingushawa sun koma ƙasarsu a 1957, wannan gaskiya ne, amma Tatar na Kirimiya, Musulmin da Stalin ya kwashe a 1944, bai bar su sun koma ba.

Sannan Novocherkassk. Ranar 1 ga Yuni 1962 aka ƙara kuɗin nama da kashi 30 cikin 100, man shanu da kashi 25, a daidai lokacin da aka rage wa ma'aikatan masana'antar ƙera kan jirgin ƙasa ladan aiki. Suka fita yajin aiki. Washegari suka nufi ofishin jam'iyya ɗauke da hotunan Lenin, sojoji suka buɗe wuta. Sama da mutum 20 suka mutu, aka binne su a ɓoye, daga baya aka yanke wa 7 hukuncin kisa. Malama ta ce ya kawo gari gida. Waɗannan ma abinci suka fito nema.

Malama Uwar Biyu:
Malam, ban ce waliyyi ne ba. Na kwatanta shi da wanda ya gada ne, kuma a kan abu ɗaya na yi magana. Abin da ka kawo na Novocherkassk ban taɓa ji ba sai yau, ya kuma taɓa ni. Allah ya isar wa duk wanda aka zalunta.

Alaramma Ƙarami:
Amin Malama. Ban yi nufin ɗora miki magana ba, ki yi haƙuri.

Baba Injiniya:
Malam Alaramma, kada ka ji nauyi, abin da ka faɗa haka yake. Zan ƙara maka da wannan: na yi shekara shida a ƙasar, ina da abokai Rashawa da muke cin abinci kwano ɗaya, amma ban taɓa jin sunan Novocherkassk da wannan ma'ana ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980, ina gida, labarin ya fito fili.

Amma ga ɗaya fuskar da na gani da idona. Wani abokin karatuna ya kai ni gidansu cin abincin sabuwar shekara. Bene ne mai hawa biyar, ba na'urar hawa, irin waɗanda aka yi ta haɗawa da allunan kankare a zamanin Khrushchev, har ana kiransu da sunansa. Kicin ɗin in mutum uku suka zauna, na huɗu sai ya tsaya a ƙofa. In ka ɗaga hannu ka kusa taɓa rufi. Ni da na taso a gida mai tsakar gida sai na ji kamar an sa ni a akwati. Mahaifiyarsa ta lura, ta ce kafin su samu wannan, iyali biyar ne ke raba murhu ɗaya da banɗaki ɗaya, ranar da aka ba ta makulli ta rufe ƙofa ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Kakan yaron yana gefe a zaune, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. A 1956 ya dawo daga sansanin gwale-gwale bayan shekaru a can. A gidan nan ba a zagin Khrushchev.

Tsohon Kansila:
Wannan kuma ya kawo ni kan abin da nake ganin shi ne babban canjin da ya yi. Da Stalin ya mutu a watan Maris na 1953, rikicin gado na farko da jini ya ƙare: aka kama Beria, shugaban 'yan sandan ciki, a watan Yuni, aka harbe shi a Disamba. Amma waɗanda suka nemi kifar da Khrushchev a 1957 ba wanda aka kashe. Molotov aka tura shi jakada Mongoliya, Malenkov aka ba shi tashar wutar lantarki ya riƙe a Kazakistan, Kaganovich aka kai shi wata masana'anta a tsaunukan Ural. Da nasa ya zo, su ma ba su taɓa lafiyarsa ba. Suka ba shi fansho da gida a bayan gari, yana 'yan shuke-shukensa ana sa masa ido, har ya rasu a watan Satumba na 1971. Da zamanin Stalin ne, su Brezhnev ko a mafarki ba za su yi ƙus-ƙus ɗin ba. Shi ya cire musu tsoro, da rashin tsoron suka cire shi.

Malamin Gona:
Kawu, tsoron mutuwa ya cire, tsoron faɗin gaskiya ga na sama yana nan. Hukumar Gosplan mai tsara tattalin arziki a Mosko ita ke yanka wa kowace masana'anta adadin da za ta yi, kuma sau da yawa da nauyi ake aunawa. Shi kansa Khrushchev ya taɓa kuka da cewa masu yin fitilun ado na rufi suna yin su da nauyin tsiya, don an ce musu tan kaza za su cika. Ya ga ciwon sarai, amma maganinsa kullum shi ne ya sake zana ofisoshi ko ya sauya mutum. Ko a 1958 da ya rushe tashoshin taraktoci na gwamnati, tilasta wa gonakin haɗaka ya yi su saye injinan, suka shiga bashi, makanikai da yawa suka gudu birni, taraktoci suka yi ta ruɓewa a fili. Kosygin, wanda ya gaje shi a kujerar firaminista, ya gwada a 1965 ya sa a riƙa duba ciniki da riba, ma'aikatu suka shaƙe gyaran a hankali. Da aka samu man Samotlor a Saberiya, farashi kuma ya tashi a 1973, sai aka samu kuɗin sayen alkama, zancen gyara ya kwanta.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode iyayena. Na shigo da Kiyuba, yanzu na fi karkata ga maganar Kawu, ko da yake ina ganin da girbin 1963 ya yi kyau da wuya su samu ƙarfin hali. Tambaya ta ƙarshe ga Baba: da aka cire shi, ba wanda ya fito titi saboda shi? Ko waɗanda ya fitar daga kurkuku?

Baba Injiniya:
Ba wanda ya fito, ɗana. Na tambayi dattijuwar nan wannan tambayar da kaina. Ta ce a rediyo suka ji, washegari kowa ya tafi aikinsa, aka sauke hotunansa daga bango, sunansa ya daina fitowa a jarida kamar ba a taɓa yin sa ba. A littattafan da aka koyar da mu tarihin jam'iyya da su, sai ka wuce shekarun nan goma ba ka ci karo da sunansa ba, sai dai a ce jam'iyya ta yi kaza. Ina can Brezhnev ya rasu a Nuwamban 1982 bayan shekara 18 a kujera, ina can Andropov ya bi shi a Fabrairun 1984, kuma yawancin waɗanda muke gani a talabijin a layin gaba wajen jana'iza tsofaffi ne tukuf, da yawansu tun zamanin da aka cire Khrushchev suke manyan muƙamai.

Abin da ita ta riƙe daga faɗuwarsa ƙarami ne. Khrushchev ya matsa wa masu kiwo a bayan gida, yana ganin saniyar mutum ɗaya tana janye shi daga aikin gonar haɗaka. Sababbin shugabanni suka sassauta wannan tun kafin shekarar ta ƙare. Ta ce da bazara ta zagayo ƙanwarta da ke ƙauye ta sayi karsana, bayan shekara biyu ta fara aiko mata da man shanu a kwalba ta hannun wani direban jirgin ƙasa.